Wayata ta zaɓa mini ɗan takarar da ba nawa ba: in bi ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Gombe, kuma wannan ne karon farko da zan yi zaɓen shugaban ƙasa. An turo mini wani shafi ta WhatsApp mai tambayoyi 20 a kan harkokin ƙasa. Da na gama amsawa sai ya nuna mini cewa ra'ayina ya yi daidai da na wani ɗan takara da kashi 80 cikin ɗari, shi kuwa wanda duk gidanmu muke so ya zo na biyu da kashi 75. Tun ranar raina bai kwanta ba. Shin wannan abin gaskiya yake faɗa? In canza ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya tambaya, domin da yawa daga cikin sa'o'inki da sun ga sakamakon sai su ɗauki hotonsa su watsa, shi ke nan magana ta ƙare. Ni aikina koyar da dabarun bincike ne a fannin siyasa, kuma na daɗe ina tsara tambayoyin jin ra'ayin jama'a ana shiga da su ƙauyuka da unguwanni a Bauchi da Gombe. Abin da zan fara gaya miki shi ne kada ki canza ƙuri'arki saboda wannan lambar. Amma kada kuma ki yi watsi da damuwar da ta jefa ki a ciki, don a wurin ne amfanin abin yake.

Irin wannan gwajin ba sabon abu ba ne, kuma asalinsa ba na 'yan damfara ba ne. A ƙasar Holan aka fara shi a 1989 da sunan StemWijzer, a takarda ma, kafin a ɗora shi a intanet a 1998. Jamus ta bi sahu a 2002 da nata mai suna Wahl-O-Mat, wanda hukumar wayar da kan jama'a a kan siyasa ta gwamnatin tarayyar ƙasar ke gudanarwa, kuma a zaɓen 2021 an yi amfani da shi sama da sau miliyan 21. Suwizalan na da smartvote tun 2003, Kanada na da Vote Compass tun 2011, Amurka kuma akwai iSideWith da ya fito a 2012. A waɗannan ƙasashe mutane sun saba da shi, malamai na amfani da shi a aji, jam'iyyu kuma na sa masa ido sosai. A 2019 wata ƙaramar jam'iyya mai suna Volt ta kai Wahl-O-Mat kotu a birnin Kolon, saboda a lokacin ba ya bari mutum ya kwatanta kansa da jam'iyyu sama da 8 a lokaci guda, abin da ta ce yana danne ƙananan jam'iyyu. Kotu ta ba ta gaskiya, aka rufe shafin na ɗan lokaci har sai da aka amince za a gyara. Ki lura da wannan da kyau: shafin hukuma ne, ƙwararru suka tsara shi, amma duk da haka sai da aka samu inda tsarinsa ya karkata. To ina ga wanda aka turo miki ba ki san ko wane ne ya haɗa shi ba?

Bari mu duba lissafin, domin shi ne ya hana ki barci. Hanya mafi sauƙi, kuma wadda na Jamus ke bi, ita ce a ba ki jimla ki ce kin yarda, ko ba ki yarda ba, ko kina tsakiya. Idan amsarki ta zo ɗaya da ta ɗan takara, ya samu maki 2. Idan ɗayanku yana tsakiya ɗayan ya ɗauki gefe, maki 1. Idan kun saɓa gaba ɗaya, babu maki. A tambayoyi 20 ke nan jimillar maki 40 ce. In da wannan hanyar naki ya bi, kashi 80 cikin ɗari maki 32 ne, kashi 75 kuma maki 30. Tazarar maki 2 ce kacal, wato tambaya ɗaya tak. Da a ce akwai tambaya guda da kika danna cikin gaggawa, ko ba ki fahimci Turancinta sosai ba, ko kuma da wanda ya tsara ya cire ta ya sa wata, da sun yi kunnen doki ko ma wanda gidanku ke so ya hau sama. Lamba tana da kwarjini a ido, musamman in aka rubuta ta da manyan baƙaƙe aka sa hoton mutum a gefenta. Amma wannan tazarar ba ta kai a canza ƙuri'a a kanta ba.

Babbar maganar ma ba a lissafin take ba, tana wajen wanda ya zaɓi tambayoyin. Matsalolin Najeriya sun fi ɗari, shi kuwa ya ɗauko 20. Wa ya ce waɗannan 20 ɗin ne suka fi muhimmanci? Masu bincike a ƙasar Beljiyam, ƙarƙashin wani farfesa mai suna Stefaan Walgrave, sun gwada wannan a 2009. Sun ɗauki amsoshin mutane iri ɗaya, suka riƙa sauya waɗanne tambayoyi ne za su shiga lissafi, sai suka ga jam'iyyar da ke cin riba tana canzawa gwargwadon tambayoyin da aka zaɓa. Mutanen ba su canza ra'ayi ba, jam'iyyun ma haka. Abin kamar awon hatsi ne a kasuwa: masarar ɗaya ce, amma yawan mudun da za a ce kin kawo ya danganta da mudun da mai awo ya riƙe da yadda ya cika bakinsa.

Ki koma ki sake karanta tambayoyin nan 20, ki ƙirga nawa ne a ciki suka taɓa rayuwar mutumin Kumo ko Bajoga ko Alkaleri. Akwai tambaya a kan farashin takin zamani da lokacin da yake isa hannun manomi? Akwai a kan man Kolmani da ke kan iyakar Bauchi da Gombe, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙarsa a watan Nuwamban 2022, da abin da al'ummar wurin za su samu in aikin ya kankama? Akwai a kan noman rani a ƙarƙashin madatsar Dadin Kowa? Akwai a kan madatsar Kafin Zaki, da aka ba da kwangilarta tun zamanin Shagari har yau ba a kammala ba, wadda manoman Bauchi ke buri amma mutanen da ke can ƙasan kogin a Yobe ke fargabar za ta rage musu ruwa? Wannan ta ƙarshe ita ce irin tambayar da ke raba mutane da gaske, kowane ɓangare da hujjarsa. Akwai a kan burtalai da rikicin manoma da makiyaya, a kan makomar almajirai, a kan yaran da ba sa zuwa makaranta, waɗanda yankinmu na cikin inda suka fi yawa? Yawancin irin waɗannan shafuka da na gani, wanda ya haɗa su ya duba abin da ake cece-kuce a kai a dandalin X ne a makon, ya mayar da shi tambayoyi. Wasu ma kwafo su ake yi daga na Amurka, har ki ga ana tambayar 'yar Gombe ra'ayinta a kan abubuwan da Amurkawa ke rigima a kansu. In tambayoyin ba naki ba ne, sakamakon ma ba naki ba ne.

Sai yadda ake gina jimlar kanta. A nan zan ɗan daɗe, don shi ne sana'ata, kuma shi ne inda mai son zuciya ke yin aikinsa ba tare da kowa ya kama shi ba. Ki duba waɗannan biyun. Na farko: "Ya kamata gwamnati ta daina kashe tiriliyoyin naira a kan tallafin mai da 'yan tsiraru ke wawurewa." Na biyu: "Ya kamata gwamnati ta cire tallafin mai ko da kuɗin mota da na abinci za su ninka." Manufa ɗaya ce ake tambaya a kai, amma mutum ɗaya zai iya cewa e a ta farko, ya ce a'a a ta biyu, kuma duk da gaske yake. Akwai kuma tambaya mai kai biyu, kamar a ce "a kafa 'yan sandan jihohi kuma a ƙara wa gwamnoni iko a kan tsaro". Idan kina son na farko kina tsoron na biyu, wane maɓalli za ki danna? Akwai kuma wadda ba ta raba kowa, irin su "ya kamata a yaƙi cin hanci" ko "a inganta asibitoci". Wane ɗan takara ne zai ce a'a? Irin waɗannan kumbura lamba kawai suke yi, su sa kowa ya samu kashi 70 zuwa sama.

Mu kuma nan muna da wata ɗabi'a da duk mai aikin bincike ya sani. Wata rana a wani ƙauye da ke gefen hanyar Dukku, na zauna a kan tabarma a zaure ina sauraron ɗaya daga cikin ma'aikatanmu mata tana yi wa wata dattijuwa tambayoyi. Tana ɓarar gyaɗa a faifai tana amsawa. Aka ce mata, "Inna, ya kamata gwamnati ta buɗe iyakoki a shigo da shinkafa ta yi araha?" Ta ce, "Ƙwarai kuwa, 'yata." Can gaba aka ce, "Ya kamata a hana shigo da shinkafar waje don manomanmu su samu kasuwa?" Ta ce, "Ai haka ya kamata." Ba rashin hankali ba ne. Da muka ajiye takarda muka yi hira, ta yi mana bayanin da ya fi na wasu masu digiri: ɗanta na noman shinkafa, ita kuma sayen abinci take yi da mudu, don haka kowane ɓangare ya shafe ta. Sannan ga kara, ba ta son ta ce wa baƙuwa a'a a cikin gidanta. Mutum na saurin cewa "na yarda" fiye da "ban yarda ba", a takarda ne ko a waya. Saboda haka in aka jera tambayoyi ta yadda "na yarda" ke kai mutum wajen ɗan takara guda a mafi yawansu, an riga an gama da shi tun kafin ya fara. Ki duba naki ki gani.

Yanzu ki tambayi kanki wata tambayar da ba kasafai ake yi ba. Ke kin amsa tambayoyi 20. Shi ɗan takarar, yaushe ya amsa? A Jamus jam'iyyu ake aika wa jimlolin su amsa da kansu, su kuma rubuta dalilinsu, mai zaɓe ya karanta. A Suwizalan kowane ɗan takara ne ke cika nasa. Wasu shafukan kuma ƙwararru ke bin takardun manufofi da jawabai su ciro matsayin kowa, su nuna inda suka samo. A ƙasar da manyan 'yan takara ke ƙaurace wa muhawara, kamar yadda Buhari da Atiku ba su hau dandalin muhawarar 2019 ba, da wuya a ce wani ya zauna ya cika wa wani shafin da ba a san mai shi ba tambayoyi 20. Abin da ya fi yiwuwa shi ne wanda ya haɗa shafin ya yi hasashe, ko ya sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta yi masa. Idan shafin bai nuna miki a ƙarƙashin kowace amsa ba cewa ga inda ɗan takara ya faɗi haka, ga rana, ga wuri, to da ra'ayin mai shafin aka gwada ki, ba da na ɗan takara ba.

Ko da an yi komai tsakani da Allah, akwai wata matsala da ta shafi siyasarmu ita kanta. Wannan gwajin an ƙirƙiro shi ne don ƙasashen da jam'iyyu ke da aƙidu mabambanta da suka daɗe a kai, inda in kin san jam'iyyar mutum kin san matsayinsa a kan haraji da albashi da baƙin haure. Mu ma mun taɓa samun irin haka. A zamanin NEPU da NPC, da an yi irin wannan gwajin da ya yi aiki, domin tsakanin Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur na Bauchi a gefe guda, da su Sardauna da Tafawa Ɓalewa a ɗaya gefen, akwai saɓani na zahiri a kan ikon sarakuna da hukumar En'e da matsayin talaka. Haka tsakanin PRP da NPN a 1979. Amma a zaɓen 2023, cikin 'yan takara 18, ukun da suka fi samun ƙuri'a, Tinubu da Atiku da Peter Obi, duk sun yi alkawarin cire tallafin mai. Wato a kan manufar da ta fi kowace girgiza aljihun talaka, wadda ta ɗaga farashin lita a hukumance daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 ko fiye a cikin kwanaki kaɗan bayan 29 ga Mayun 2023, gwajin ba zai iya raba miki su ba. Bambancin yana cikin yadda za a cire, da yaushe, da abin da za a tanada wa jama'a kafin a cire, da kuma inda kuɗin za su tafi. Waɗannan ba sa shiga cikin "na yarda" da "ban yarda ba".

Ga kuma sauya sheƙa. Atiku ya yi takara a AC a 2007, ya koma PDP, ya shiga APC, ya sake dawowa PDP. Kwankwaso ya bi ta PDP da APC kafin NNPP. Obi daga APGA ya shiga PDP sannan LP. A gida ma, Isa Yuguda ya ci gwamnan Bauchi a ANPP a 2007 ya koma PDP yana kan kujera, Ɗanjuma Goje ya yi gwamnan Gombe shekara 8 a PDP daga baya ya koma APC. Ban kawo wannan don zargin kowa ba. Ina nuna miki ne cewa a wurinmu takardar manufofin jam'iyya ba ta ɗaure ɗan siyasa yadda take ɗaure shi a Jamus, gwajin kuwa a kan wannan takardar ya dogara.

Mutanenmu sun san haka, shi ya sa suke duba mutum. A ranar 25 ga Fabrairun 2023 jihar Gombe ta ba Atiku na PDP rinjaye, bayan mako uku kuma ta sake zaɓen Inuwa Yahaya na APC a matsayin gwamna. Kowa na da fassararsa a kan dalilin, amma abin da ya fito fili shi ne masu zaɓe ba tambarin jam'iyya kaɗai suka bi ba. Abubuwan da ake aunawa a irin wannan hukunci, babu gwajin da ke auna su: me mutum ya yi da ya riƙe muƙami a baya, yana cika alkawari ko ba ya cikawa, su wa ke kewaye da shi waɗanda za su zama ministoci, lafiyarsa da ƙarfinsa, yadda yake ɗaukar suka, da ko zai iya riƙe ƙasa mai addinai da ƙabilu da yawa ba tare da wani ɓangare ya ji an ware shi ba. Mutum zai iya dacewa da ke kashi 95 a baki, ya kasa aiwatar da ko ɗaya.

Akwai abin da ya fi damuna fiye da duk waɗannan, kuma ina roƙonki ki isar da shi ga ƙawayenki. Shafin ya nemi lambar wayarki, ko ya ce ki shiga da Facebook ɗinki, ko ki faɗi ƙaramar hukumarki da rumfar zaɓenki? Abin kunyar kamfanin Cambridge Analytica da ya fashe a 2018 daga irin wannan ya faro: wani gwajin sanin halayya a Facebook da mutane kusan 270,000 suka amsa, aka bi ta kansu aka kwashi bayanan mutane har kimanin miliyan 87, aka yi amfani da su wajen tallan siyasa. Jaridar Guardian ta Ingila ta ruwaito cewa kamfanin ya taɓa yin aiki a zaɓen Najeriya na 2015. Wanda ya san sunanki, lambarki, unguwarki, da abin da ke tsorata ki a siyasa, ya san irin saƙon da zai turo miki ana gobe zaɓe, gaskiya ne ko ƙarya. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa ra'ayin siyasa a cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, tare da addini da lafiya da ƙabila, kuma akwai hukumar NDPC da ke karɓar ƙorafi. Amma shafin da ba shi da suna ba shi da adireshi, wa za ki kai ƙara? Gwajin kirki ba ya buƙatar sanin ko ke wace ce kafin ya ba ki sakamako. Duk wanda ya nemi lambar katin zaɓenki, ko NIN, ko BVN, ki rufe shi nan take. In kin riga kin shiga da Facebook, ki je wurin saituna ki cire masa izini yau.

To ina amfanin da na ce yana da shi? Kin ce duk gidanku mutum ɗaya kuke so. Wannan ba laifi ba ne, shawarar iyaye da yayye tana da nauyi, kuma sau da yawa sun ga abin da ba ki gani ba. Amma wataƙila wannan ne karon farko da aka tambaye ki, ke kaɗai, me kike gani a kan 'yan sandan jihohi ko bashin karatu ko rufe iyaka, ba tare da an ambaci sunan kowa ko addininsa ko garinsu ba. Wannan abu ne mai kyau ƙwarai, kuma siyasarmu na ƙishirwarsa. Ni ina fatan ganin ranar da jami'o'inmu da gidajen rediyonmu za su haɗu su yi irin wannan gwajin da Hausa da Fulatanci, da murya don wanda bai iya karatu ba, a tattaro tambayoyin daga bakin manoma da 'yan kasuwa da matan aure, a tilasta wa 'yan takara su amsa da sa hannunsu, a ajiye amsoshin a fito da su bayan shekara huɗu.

Kafin wannan ranar, ga abin da zan so ki yi. Ki koma shafin ki nemo tambayoyin da kika saɓa da wanda gidanku ke so. In da lissafin da muka yi ya bi, za su kama daga biyar zuwa goma. A cikinsu ki ware waɗanda da gaske suka dame ki, ki bar waɗanda kika amsa don dai a wuce. Sannan ki bincika da kanki ko ya faɗi abin da aka jingina masa, a hirarsa da BBC Hausa ko Muryar Amurka ko DW, ko a takardar manufofinsa, ki ga maganarsa cikakkiya ba guntun bidiyon da aka yanko ba. Ki yi wa wanda ya zo na ɗayan haka shi ma, ki ƙara da duba abin da kowannensu ya aikata lokacin da yake da iko. Daga nan ki zauna da Baba ko Yaya cikin ladabi ki ce, na ga ɗan takararmu ya ce kaza a kan kaza, ku me kuka gani? Za ki iya fitowa kin ƙara gamsuwa da shi, za ki iya kuma fitowa kin canza, kuma a rumfar zaɓe ba mai ganin inda kika dangwala.

Kin ce karonki na farko ne, don haka ki tabbatar kin yi rajista kuma katinki na hannunki, kin kuma san rumfarki tun kafin ranar. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Idan akwai gyaran suna ko sauya rumfa, ofishin INEC na ƙaramar hukumarku za ki je da kanki, kada ki ba kowa katinki ya je miki. Allah ya yi miki jagora, ki gaida mutanen gida.